LIKITA HANSEN, WANDA YA FARA GANIN ƘWAYAR KUTURTA

Da wuya a sami mai karatun wannan jarida wanda bai san wani da kuturta ta taɓa ba, ko a danginsa, ko a unguwarsu, ko cikin waɗanda su ke zama tare a majami'a. Waɗansunku kuma sun taɓa zuwa Yadakunya a ƙasar Kano, ko Babbar Ruga a Katsina, ko Amanawa a Sakkwato, ko Garkiɗa, ko Danja kusa da Maraɗi. To, in ka duba littattafan likitoci za ka ga sau da yawa ba su rubuta kuturta, sai su rubuta cutar Hansen. Wannan Hansen mutum ne, likita ne na ƙasar Norwe, a can arewacin Turai. A wannan wata za mu ba ku labarinsa, da abin kirkin da ya yi, da kuma laifin da ya kai shi gaban alƙali.

An haifi Gerhard Armauer Hansen ran 29 ga Yuli, 1841, a Bergen, wani gari na bakin teku inda ruwan sama ba ya cika ɗaukewa. Su goma sha biyar ne wurin ubansu, shi ne na takwas. Uban ɗan kasuwa ne, amma jarinsa ya karye, har ya koma aikin albashi a banki. Saboda haka sa'ad da yaron ya tafi koyon aikin likita a Kiristiyaniya, watau birnin da a ke kira Oslo yanzu, sai da ya riƙa koyar da waɗansu yara kafin ya sami abin biyan bukatarsa. Ya gama a 1866. Bayan ya taɓa aiki kaɗan a babban asibitin birnin, sai ya tafi tsibiran Lofoten ya zama likitan masunta. Wurin yana can arewa ƙwarai, har da tsakiyar hunturu a kan yi makonni rana ba ta fito ba. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da a ke kawowa kasuwannin Nijeriya daga Norwe, da yawa daga cikinsa daga waɗannan tsibirai ya ke fitowa.

Mutane da yawa suna tsammani kuturta cutar ƙasashen zafi ce kaɗai. Ba haka ba ne. A zamanin da Hansen ya ke yaro, ta yi yawa cikin talakawan yammacin Norwe, manoma da masunta, waɗanda su ke kwana a cunkushe cikin ƙananan ɗakuna saboda sanyi. A 1856 gwamnatin ƙasar ta sa aka fara rubuta sunan kowane mai cutar a littafi guda, da garinsu, da danginsa. Ba a taɓa yin irin wannan a wata ƙasa ba kafin su. Da aka ƙidaya sai aka sami kusan mutum 3,000, ƙasar kuwa duka mutanenta ba su fi miliyan ɗaya da rabi ba a lokacin. A Bergen kaɗai akwai asibitin kutare guda uku.

A 1868 Hansen ya komo garinsu, ya kama aiki a ƙarƙashin Likita Danielssen. Wannan dattijo shi ne ya fi kowa sanin kuturta a Turai duka a wannan zamani. Tun 1847 shi da abokinsa Boeck suka buga babban littafi a kan cutar, suka bayyana irinta biyu, mai kumburi da ƙulluttai a fuska da jiki, da mai kashe jijiyoyi har mutum ya daina jin zafi. Amma a kan asalinta, Danielssen ya tsaya a kan cewa gado ce, cikin jini ta ke, daga iyaye zuwa 'ya'ya. Ba da ka ya faɗi haka ba. Ya ɗebi ruwan ƙulluttan marasa lafiya ya sa a jikin kansa, ba sau ɗaya ba, ya kuma sa wa waɗansu ma'aikatansa da suka yarda, ba ko ɗaya da ya kamu. Wa zai yi gardama da mutumin da ya gwada abu a jikinsa? Waɗansu masana kuma suka ce ai cin ruɓaɓɓen kifi ne ke kawo ta, waɗansu suka ce sanyi da laima. Talakawa kuwa, can da nan duk ɗaya, da yawa sun ɗauka la'ana ce.

Ku lura, wannan gardama ba ta malamai kaɗai ba ce. In gado ce, ba abin yi sai a hana masu ita aure, a jira zuriyarsu ta ƙare, kuma duk wanda aka haifa a gidan ya shiga uku tun ran suna. In kuwa ɗauka a ke yi daga wani, to, akwai hanyar tare ta, ɗan kuturu kuma yana iya girma lafiya lau.

Hansen bai daɗe a asibitin ba ya fara shakkar maganar maigidansa. A 1870 ya sami taimakon kuɗi ya tafi Bon a Jamus da Biyana a Ostiriya, domin ya ƙware da aikin madubin likita, wanda ke girmama ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. A wannan tafiya ne ya karanta littattafan Darwin, suka kama hankalinsa ƙwarai, daga baya har ya rabu da bangaskiyar da aka rene shi a ciki, bai kuwa ɓoye wannan ba. Da ya komo, a 1871 da 1872, sai ya shiga ƙauyukan yamma, wani wuri a ƙasa, wani wuri cikin kwalekwale, yana bin gida gida yana tambaya. Wa ya fara ciwon a gidan nan? Da wa ya ke kwana? Daga ina ya zo? Ya riƙa gwada amsoshin da abin da ke cikin littafin sunayen nan na 1856. Sai ya tarar da mutanen da ba kuturu ko ɗaya a danginsu, amma sun kamu bayan sun zauna da mai cutar. Ya kuma ga a gundumomin da aka fi kwashe marasa lafiya zuwa asibiti, a nan ne sababbin kamuwa suka fi raguwa. Abin gado ba ya yin haka.

Amma gani ya kori ji. Ran 28 ga Fabrairu, 1873, ya yanki ɗan nama daga ƙullutun wani mara lafiya, ya sa a ƙarƙashin madubi, ya ga waɗansu ƙananan abubuwa sirara kamar tsinkaye, cunkushe cikin naman. Ya duba na wani, ya sāke gani. Ya yi ta dubawa. A 1874 ya buga dogon rahoto, a ciki ya faɗi abin da ya gani, amma da taka tsantsan, gama bai iya tabbatarwa ba tukuna. Yana da shekara 31 sa'ad da ya fara ganinsu. A wannan lokaci ba wanda ya taɓa nuna ƙwayar da ke kawo wata cuta mai daɗewa a jikin mutum. Ko ƙwayar tarin fuka sai a 1882 Robert Koch ya gano ta a Jamus.

Wannan shekara ta 1873 ta zo masa da daɗi da ɗaci tare. A watan Janairu ya auri Fanny, 'yar Danielssen. A watan Oktoba tarin fuka ya kashe ta. Ga shi kuma mutumin da ya ke ƙoƙarin rushe koyarwarsa shi ne maigidansa, shi ne kuma surukinsa. Duk wanda ya san nauyin suruki zai gane irin zaman da suka yi. Abin yabo ga su biyun shi ne ba su rabu ba. Dattijon bai hana shi bincike ba, ko da ya ke bai saki ra'ayinsa da sauƙi ba, suka ci gaba da aiki a gari ɗaya har Danielssen ya rasu a 1894. Hansen ya sāke aure a 1875, ya haifi ɗa guda, aka sa masa sunan Daniel Cornelius, watau sunan tsohon surukin nan. A shekarar 1875 ɗin kuma aka naɗa shi babban likitan kuturta na ƙasar Norwe duka.

Likitocin Turai ba su gaskata shi nan da nan ba, suna kuwa da hujja. Ganin baƙo a gidan da aka yi sata bai sa ya zama ɓarawo ba. Kafin a yarda cewa ƙwaya kaza ce ke kawo cuta kaza, sai an raba ta da jiki, an yi kiwonta ita kaɗai cikin kwalba, sa'an nan a sa wa lafiyayyar dabba a ga cutar ta fito. Hansen ya gwada kiwonta, ta ƙi. Ya sa wa zomaye da waɗansu dabbobi, ba abin da ya same su. Ko nuna ta ga wani ma da wuya, domin ba ta da launi, kamar farin zare cikin ruwa, sai an rina ta kafin ta fito sosai, rinin da ya ke da shi kuwa ba ya kama ta da kyau.

A 1879 wani saurayin likita Bajamushe, Albert Neisser, ya zo Bergen. Hansen ya karɓe shi da hannu biyu, ya nuna masa marasa lafiya, ya ba shi guntayen nama ya tafi da su gida. Neisser ya san sababbin hanyoyin rini na Jamus. Ya rina ƙwayoyin suka fito sarai, ya buga labari, ya yi magana kamar shi ne ya gano su, ya rage darajar aikin wanda ya ba shi masauki. Hansen da mutanen Bergen suka yi fushi, aka yi ta musayar rubuce-rubuce. Gaskiyar magana ita ce kowannensu ya yi nasa, Hansen ya fara gani, Neisser ya sa kowa ya iya gani. Daga baya duniya ta bar wa Hansen sunan.

Yanzu mun zo wurin da ba shi da daɗin faɗi. Ran 3 ga Nuwamba, 1879, Hansen ya kira wata mata mai shekara 33, wadda ta yi shekara 17 a asibitin tana fama da irin kuturtar nan mai kashe jijiyoyi. Ya ɗauki 'yar wuƙar aikin ido, wadda ya riga ya soka a ƙullutun wani mara lafiya mai ɗaya irin, yana so ya sa mata a farin ido, domin ya ga ko ƙullutu zai tsiro a wurin. Bai gaya mata abin da ya ke nufi ba, bai kuwa nemi yardarta ba. Matar ta tsorata, ta yi kuka, ta ƙi. Aka lallashe ta, aka zaunar da ita, ya yi abin da ya yi niyya. Ƙullutu bai fito ba, amma ta sha zafi da fargaba. Ba ta yi shiru ba. Ta kai kuka wurin faston asibitin, magana ta hau sama har ta kai kotu.

A gaban alƙali Hansen bai yi musu ba. Ya yarda bai tambaye ta ba, dalilinsa kuwa shi ne ya san ba za ta yarda ba. Ya ce ya tabbata zai iya yanke ƙullutun in ya fito, kuma amsar da ya ke nema za ta amfani ƙasa duka. Waɗansu manyan likitoci suka goyi bayansa. Amma ran 31 ga Mayu, 1880, kotu ta same shi da laifi, ta tuɓe shi daga aikin likitan asibitin. A ganinmu alƙalin ya yi daidai. Matar nan ba ta da kuɗi, ba ta da gata, ba ta da wurin zuwa in ta bar asibitin, abin da ya rage mata a duniya jikinta ne, shi ma cuta ta cinye rabi. Dalilin da Hansen ya bayar, cewa ya san za ta ƙi, shi ne ma ya fi kama shi. Har yau a makarantun likita a kan ba da labarin shari'ar nan in ana koyar da cewa ba a gwaji a jikin mutum sai da saninsa da yardarsa.

Ba a karɓe masa ɗaya muƙamin ba, na babban likitan kuturta na ƙasa, ya kuwa riƙe shi har mutuwarsa. Da shi ya yi sauran aikinsa. A dā al'adar ƙauyukan Norwe ce a riƙa zagayawa da matalauci daga gida zuwa gida, kowane gida su ciyar da shi 'yan kwanaki. Dokar 1877 ta hana a yi haka da mai kuturta. Dokar 1885 ta fi tsanani, ta ce mai cutar ya zauna a ɗakinsa dabam a gida, in kuwa ba zai yiwu ba a kai shi asibiti ko ba ya so. Mutane da yawa suka yi ƙorafi, suka ce an mai da marasa lafiya kamar 'yan sarƙa. Wajen 1888 Hansen ya haye teku zuwa Amurka, ya bi sawun kutaren Norwe da suka yi ƙaura zuwa jihar Minesota da maƙwabtanta. Ya duba 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda su ke zaune a gidaje masu faɗi da tsabta, bai sami cutar a jikinsu ba. Wannan ya ƙara karya maganar gado.

Masu cutar a Norwe suka ragu daga wajen 1,800 a 1875 zuwa 575 a 1901. A babban taron likitocin kuturta na farko, a Balin a 1897, aka yarda da koyarwar Hansen, aka kuma yaba wa hanyar Norwe ta ware marasa lafiya. Sai dai a nan ma akwai abin dubawa. Cutar ta riga ta fara raguwa a Norwe tun kafin dokokin, sa'ad da abinci da gidaje suka fara kyau, har yanzu masana suna gardama a kan ko nawa ne rabon dokar a ciki. Waɗansu ƙasashe kuma suka ɗauki maganar warewa suka wuce gona da iri, suka kwashe mutane ƙarfi da yaji zuwa tsibirai, suka raba uwa da ɗa har abada. A Japan sai a 1996 aka soke irin wannan doka.

Hansen bai cika lafiya ba. Tun yana da shekara talatin da 'yan kai ya sami shanyewar ɓarin jiki, daga baya kuma ciwon zuciya ya riƙa damunsa. Duk da haka ya shugabanci gidan ajiye kayan tarihi na Bergen, ya yi rubutu a kan tsutsotsin teku, ya shugabanci taron kuturta na biyu da aka yi a garinsu a 1909. Ran 12 ga Fabrairu, 1912, yana cikin rangadin aikinsa a wani ƙaramin gari mai suna Floro, zuciyarsa ta tsaya. Yana da shekara 70. Gwamnati ta ɗauki nauyin jana'izarsa.

Ya mutu bai warkar da kuturu ko ɗaya ba, gama ba magani a zamaninsa sai wani mai da a ke samu daga 'ya'yan wani itacen Indiya, allurarsa da zafi, amfaninsa kaɗan. A 1941 ne aka fara samun magani na gaske a Karbil, a Amurka. Sa'an nan Nijeriya ta shigo cikin labarin. A Uzuakoli, a gabashin ƙasar, Likita John Lowe ya nuna wajen 1950 cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dapson, mai araha, ba sai an yi allura ba. Wannan ne ya sa a shekarun 1950 aka buɗe ɗakunan shan magani a ƙauyukan Arewa, mutum ya karɓi ƙwayarsa ya koma gonarsa. A Uzuakoli ɗin kuma Likita Stanley Browne da abokin aikinsa suka gwada kilofazimin a farkon shekarun 1960. Da cutar ta fara jure wa dapson, sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa haɗa uku, dapson da rifampisin da kilofazimin. Wata shida ne ga mai ƙaramar cuta, wata goma sha biyu ga mai babba, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da shi. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa cutar.

Yanzu an san dalilin da ya sa Danielssen bai kamu ba. Cikin mutum ɗari, wajen 95 jikinsu na kashe ƙwayar da kansa. An san tana fita ne ta hanci da baki, sai kuma an daɗe ana zama tare da wanda bai sha magani ba, gaisuwa da hannu ba ta kawo ta. Tana da nawa ƙwarai, sai ta yi wajen mako biyu kafin guda ta rabu biyu, shi ya sa mutum kan yi shekara biyar, wani har ashirin, kafin alama ta fito. Kuma ba ita ke cinye yatsu ba. Jijiya ta ke kashewa, mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai ji ba, gyambo ya shiga. Saboda haka duk wanda ya ga tabo a fatarsa mai haske ko ja, wanda in an taɓa ba ya ji, ya tafi asibiti tun yatsunsa suna cike. Magani na kashe ƙwayar, amma ba ya mai da jijiyar da ta riga ta mutu.

Aikin bai ƙare ba. A 2023 an sami sababbin masu cutar wajen 180,000 a duniya, yawancinsu a Indiya da Birazil da Indonesiya, Nijeriya kuma tana samun wajen dubu biyu a shekara. A 2024 maganin ya yanke a Nijeriya kusan shekara guda, marasa lafiya suna jira, sai a watan Maris na 2025 ya iso. Tun 2018 an ba da shawara a riƙa ba mutanen gidan mai cutar rifampisin sau ɗaya domin tsaro, amma ba a sami allurar rigakafi ta kuturta kanta ba tukuna, ba kuma gwajin jini mai sauƙi da zai nuna ta kafin tabo ya fito. An kuma tarar ƙwayar na zaune a jikin namun daji, kurege a Ingila, da manyan birai a Gini Bisau da Kwaddibuwa, abin da ya sa kawar da ita ƙaƙaf ya ƙara wuya. Ƙasar Jodan ce ta fara samun shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2024, cewa ta rabu da cutar.

Abin da ya gagari Hansen kuwa har yanzu yana nan. A 1960 Charles Shepard ya sami ƙwayar ta yaɗu a tafin ƙafar ɓera. A 1971 aka ga tana kama amadilo, wata dabbar Amurka mai sulke a baya. A 2001 masana suka karanta dukan tsarin halittarta, suka tarar wajen rabinsa ya lalace ba ya aiki, shi ya sa ba ta iya ciyar da kanta sai cikin jikin wani mai rai. Shekara 150 ke nan da 'yan kai tun ran da Hansen ya gan ta, ba wanda ya iya kiwonta cikin kwalba tukuna.